Arzikin Mai Gida Yana Aljihun Ɗan Haya: Tarihin Gidan Haya a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

A tsakanin ma'aikatan Zamfara, kamar sauran ma'aikatan Arewa, babu jarin da aka yarda da shi kamar gidan haya. Malamin makarantar da ke shirin ajiye aiki da ɗan kasuwar da ke tsoron faɗuwar naira lissafinsu ɗaya ne: a sayi fegi, a jera ɗakuna, a zuba 'yan haya, a huta. Hujjar da ake kafawa ita ce ƙasa ba ta ruɓewa, gini kuma ba ya gudu. Tun da rashin tsaro ya mayar da noma da kiwo kasada a ƙauyukan jihar da dama, wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi, domin wanda a da zai sayi shanu ko gona, yau bulo yake saye.

Tarihin Gusau da maƙwabtanta biyu, Tsafe da Bunguɗu, yana da abin cewa a kan wannan lissafi. Cikin kimanin shekara ɗari, yankin ya ga 'yan haya iri biyar: ma'aikatan jirgin ƙasa da na kantuna, ma'aikatan masana'antu, ma'aikatan gwamnati, ɗalibai, da kuma waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Kowane rukuni ya zo da irin ɗakin da yake so da gwargwadon abin da yake iya biya. Duk sa'ad da hanyar samun wani rukuni ta toshe, gidajen da aka gina dominsa sun faɗi daraja alhali bangonsu na tsaye. Wanda zai zuba kuɗinsa a gidan haya, ko zai gyara wanda ya gada, ya kamata ya san yadda hakan ta riƙa faruwa.

Kafin a san haya

Gusau ta kafu ne a farkon ƙarni na 19 a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a zamanin da 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe ta yau, ta faɗa hannun masu jihadi. A irin waɗannan garuruwa mutum ba ya biyan kuɗi don ya sami wurin kwana. Magidanci yana zaune a gidan gandu tare da ƙannensa da 'ya'yansa, in yaro ya yi aure a yankar masa sashe. Baƙon da ya zo da niyyar zama sai a kai shi wurin mai unguwa, a nuna masa fili, ya yi gaisuwa, ya kafa gidansa. Almajiri yana da zauren malaminsa. Ƙasa tana da yawa, kayan gini kuwa, daga jar ƙasa har azara da ciyawa, duk a bakin gari suke.

Mutum ɗaya ne ya mayar da saukar baƙi sana'a, shi ne mai masaukin fatake, wanda ake kira fatoma. Gidansa yana da ɗakuna da yawa, da wurin ajiye kaya, da turken dabbobi. Yana ciyar da falke, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi, ya raba gardama idan ta taso. Abin lura shi ne ba kuɗin ɗaki ne abincinsa ba. Rabonsa yana cikin la'adar cinikin da baƙon ya yi. Masu bincike irin su Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan sun tarar da wannan tsari yana aiki a tsakanin Hausawa masu fataucin goro da shanu har cikin shekarun 1960.

Saboda haka mai gidan baƙi na farko a ƙasar Hausa ya san abin da magadansa suka riƙa mantawa: in baƙo ya yi kasuwa, shi ma ya samu, in kayan baƙo suka jiƙe a ɗakinsa ko aka sace su, badi wani masaukin zai nufa. Kula da rufi da ƙofa da rijiya wani ɓangare ne na neman kuɗinsa.

Dogo da fegi

Zuwan Turawa ya sauya abu biyu. Na farko ƙasa: dokar 1910 ta sanya dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, mutum yana da haƙƙin zama da amfani, gwamnati na da ikon yankawa da rabawa. Na biyu hanya: layin dogo ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Bai taɓa isa birnin Sakkwato ba. Wannan ne ya mayar da Gusau tashar lardi guda: gyaɗa da auduga da fatu suna zuwa a kan jakuna da raƙuma da manyan motoci, su hau jirgi, gishiri da kananzir da atamfa su sauka, su bazu yamma. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka biyo baya, aka kafa gidan gurzar auduga.

Da waɗannan ne wani sabon mutum ya bayyana, wanda tsohon tsari bai tanadar masa wuri ba. Akawu ne, ko malamin sikeli, ko direba, ko makaniki, ko leburan dogo. Bayarabe ne, ko Ibo, ko Banufe, ko Bahaushen Kano da Katsina. Ba falke ba ne da zai sauka wurin fatoma ya tashi bayan mako biyu, ba shi kuma da dangin da za su yankar masa sashe. Yana da abin da manomi ba shi da shi: tsabar kuɗi a ƙarshen kowane wata. Hukuma ta auna filaye a wajen tsohon gari, ta kafa turaku a kusurwoyinsu. Daga sunan turakun nan a Turanci aka sami kalmar fegi, wadda har yau take cikin sunan unguwar Sabon Fegi. Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da baƙi, kamar takwarorinsu na Zariya da Kano.

A kan waɗannan fegi aka haifi gidan haya kamar yadda aka san shi. Mai fegi yana jera ɗakuna a jikin katanga, ƙofa na kallon ƙofa, a bar 'yar siririyar tsakar gida, a haƙa rijiya ɗaya da masai ɗaya a ƙurya. Dalilin wannan fasali a fili yake. Kuɗi da ƙofa ake ƙirga shi, don haka duk taku ɗaya da aka ba banɗaki ko madafa ko magudanar ruwa, a idon mai gida asara ce. Gidan gargajiya an gina shi ne a kewaye da tsakar gida domin iyali ɗaya. Gidan yawa ya tara iyalai goma a kan abin da aka tanada domin ɗaya. Yawancin rigingimun da ake kai wa masu unguwanni daga gidajen haya har yau, kan ruwa, kan shara, kan layin banɗaki da asuba, daga wannan lissafi na farko suka samo asali.

Kasuwar ma ta kaka ce. In an buɗe cinikin gyaɗa da auduga, 'yan ci-rani su cika gari, ɗaki ya yi wuya. In damina ta faɗi su koma gona. Tsafe tana da tasharta, amma jirgi wucewa yake yi. Bunguɗu kuwa garin manoma ce a kan hanyar mota zuwa Sakkwato. A garuruwan biyu masu neman haya ba su wuce malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na En'e ba, su ma sau da yawa masauki ake ba su.

Zamanin masaƙa

Daga 1949, da aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, 'yan kasuwar gida suka fara samun lasin sayen amfanin gona. Ribar da suka samu ta tafi wuri biyu: manyan motoci da gidaje. Siminti da kwano suka fara maye gurbin tubali da azara, musamman bayan kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarun 1960. A wannan zamani ne aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau, ga kuma kamfanin matsar mai. Ma'aikacin masaƙa shi ne ɗan hayar da kowane mai gida ke so: albashinsa ba ya jiran kaka, yana zama shekara da shekaru, in ya yi aure ya ƙara ɗaki.

Darasi na farko mai ɗaci ya zo a 1966. Tarzomar shekarar ta shafi Gusau, 'yan ƙabilar Ibo suka bar gari, cikinsu akwai 'yan haya, akwai masu gidaje. Unguwar da ake rububin ɗaki a cikinta ta wayi gari da ƙofofi a rufe. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo, kuma a garuruwan Arewa irin su Kano an mayar wa masu gidaje dukiyarsu. Sai dai abin ya nuna cewa zaman lafiyar unguwa yana cikin jarin gidan haya, ko da ba a rubuta shi a takardar ciniki ba.

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, ya cika aljihun ma'aikata, masu gidaje kuma suka ɗaga haya nan take. Gwamnatin soja ta mayar da martani da dokokin ƙayyade kuɗin haya da kotunan sauraron ƙorafi a jihohi, amma doka ba ta gina ɗaki, kuma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, ɗan haya ba ya kai mai gidansa ƙara. A daidai lokacin kuma ginshiƙin arzikin Gusau yana zaizayewa. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun kashe fitar da ita waje. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kayan gini suka yi tsada. Masaƙun Arewa suka shiga fama da rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri, har ta Gusau ta rufe a farkon shekarun 2000.

Gidajen da aka gina domin ma'aikatan masaƙa ba su rushe ba. Masu shiga cikinsu ne suka sauya: mai albashi ya fita, mai neman na yau da gobe ya shigo. Haya ta koma ta bashi da roƙon arziki. Mai gida da bai karɓi kuɗi ba ya daina yaɓe da gyaran kwano, gidan da ba a gyarawa kuma ba ya samun ɗan haya mai iya biya. Da haka gida ke gangarawa, shekara bayan shekara, ba tare da wani ya yanke shawarar kashe shi ba.

Ranar da Gusau ta zama babban birni

A ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama hedikwata, Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama kantoman farko. Ma'aikata 'yan asalin yankin suka taso daga Sakkwato da iyalansu zuwa garin da ba a shirya shi domin karɓarsu ba. Ofisoshin gwamnatin jiha da na tarayya da bankuna duk suna neman gini. A tarihin garin babu lokacin da mai gida ya sami kasuwa irin wannan.

Sabon ɗan hayar kuwa da nasa sharuɗɗa ya zo. Ma'aikacin gwamnati mai iyali ba ya son haɗa banɗaki da kowa, yana son ciki da falo ko sashe mai ƙofarsa, inda matarsa za ta sami sutura. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi a Oktoban 1999 ta ƙara wa wannan buƙata nauyi, domin cakuɗa gwauraye da masu iyali a tsakar gida ɗaya ya zama abin da unguwa ke sa wa ido. Masu kuɗi suka fita bayan gari, wajen Samaru da Damba da Unguwar Gwaza, suna gina gidaje masu sassa huɗu ko shida a cikin katanga ɗaya. Tsofaffin gidajen yawa na tsakiyar gari suka zama na masu ƙaramin ƙarfi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum sama da 383,000, Tsafe kimanin 266,000, Bunguɗu kimanin 258,000.

Maƙwabtan biyu sun ci albarkacin abin ta hanyoyi daban. Bunguɗu tana kusa ƙwarai, ma'aikaci yana iya kwana a gidan ubansa ya yi sammakon zuwa ofis a Gusau, saboda haka hayar cikin garin ba ta bunƙasa sosai ba. Amma ƙasar ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Gusau, birnin kuma yana faɗaɗa cikinta. Tsafe ta fi nisa, ita ce ƙofar jihar daga wajen Funtuwa, ta kuma sami nata 'yan haya daga kasuwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma da kwalejin koyon aikin lafiya.

Raunin wannan zamani shi ne kusan kowa daga rijiya ɗaya yake sha. Albashin jiha daga kason Abuja yake zuwa. In ya makara, mai shago da tela da mai gida duk sai su ji a jikinsu, kamar yadda aka gani a 2023 sa'ad da aka sauya gwamnati ma'aikata na bin bashin albashi. Gida mai sassa shida da ma'aikatan jiha shida a ciki, a zahiri ɗan haya ɗaya gare shi.

Takarda, bashi da gado

Abubuwa uku ne suka sa gidan haya a wannan yanki yake da sauƙin ginawa, da wuyar gyarawa.

Na farko takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamnan jiha, na karkara a hannun ƙaramar hukuma, ta kuma shardanta amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da takardar mallaka. Amma yawancin fegin bayan gari gonaki ne da aka yanka, aka sayar da shaidar mai unguwa da 'yar takardar ciniki. Irin wannan gida banki ba ya karɓarsa jingina, kuma ranar da hanya ko magudanar gwamnati ta biyo ta kansa, mai shi ba shi da ƙarfin neman diyya.

Na biyu bashi. An kafa bankin ba da lamunin gidaje na tarayya a 1977, aka kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992 inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, amma an tsara su ne domin mai gina gidan zamansa. Bashin bankin kasuwanci kuwa, ban da ƙyamar riba da mafi yawan jama'ar yankin ke yi, lissafinsa ma ba ya fita: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, babu kuma gidan hayar da ke mayar da kwatankwacin haka a shekara. Don haka ake gini da adashi da kuɗin sallama da cinikin kaka, bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya badi. Kafin a kai ga rufi kuɗi sun ƙare, abin da ake yankewa kuwa shi ne wanda ba ya kawo haya kai tsaye: ramin masai mai kyau, kwata, tankin ruwa.

Na uku gado. Gidan da attajirin gyaɗa ya gina a 1965 yau yana iya zama mallakar magada ashirin. Kowa yana jiran kasonsa na haya, babu mai son a cire kuɗin gyara daga nasa. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihar ke aiki da shi, ya buɗe ƙofofi: ana iya raba gidan in yana rabuwa, ana iya sayarwa a raba kuɗi, abokin tarayya kuma yana da haƙƙin shuf'a, wato ya riga bare sayen kason da ɗan'uwansa ya sayar. Game da gyara, mashahurin ra'ayin mazhabar shi ne ba a tilasta wa mai gida, amma ɗan haya yana da zaɓin fita idan lalacewar tana cutar da shi, kamar yoyon rufi. Hukuncin ya bar maganar a hannun kasuwa. Inda ɗan haya ke da wurin komawa, mai gida zai gyara ko ya rasa shi. Inda ba shi da shi, sai tsoron Allah da sanin cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗalibai da masu gudun hijira

Kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 ya kawo rukuni na huɗu. Ɗakunan kwanan makaranta ba su isa ba, sai masu jari suka sayi gonaki a ƙauyukan da ke kusa, musamman Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, suka jera ɗakuna. Ɗalibi yana biyan shekara gaba ɗaya, ba shi da iyali, kuma kowace shekara ana ɗaukar sababbi. A kan takarda, babu hayar da ta fi wannan.

A daidai wannan lokaci rikicin 'yan bindiga, wanda ya fara tsananta tun wajen 2011, yana matsowa daga daji zuwa bakin gari. A 2022 an sace ɗalibai mata na kwalejin lafiya ta Tsafe. A ranar 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida da dare, suka tafi da fiye da ashirin, yawancinsu mata. Arhar filin da ta jawo masu gini bayan gari ita ce ta ajiye 'ya'yan mutane a inda babu mai kai musu ɗauki. Tun daga nan, tambayar farko da uba ke yi kafin ya biya wa 'yarsa ɗaki ita ce wane ne maƙwabci, ina jami'an tsaro suke, yaya katanga da ƙofa.

Rikicin nan kuma shi ya kawo rukuni na biyar. Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun kwararo Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Masu hali sun kama haya, wasu sun raɓa da dangi, da yawa sun shiga kangayen da ba a gama ba a unguwanni irin su Tsunami. Buƙatar ɗaki ta ƙaru, ikon biya bai ƙaru ba, domin manomin da aka raba da gonarsa ba shi da kaka. Ɗakin da aka gina domin mutum uku ya ɗauki takwas, masai ɗaya ya ɗauki gida duka, a garin da ruwan famfo ba ya isa ko'ina, inda 'yan garuwa ke cike giɓin. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Zamfara na cikin jihohin da ta taɓa, ta nuna abin da ke biyo bayan haƙa rijiya kusa da ramin masai.

Gyaran da ke biyan kansa

Daga 2023, bayan cire tallafin man fetur da sakin naira, tsadar kaya ta haura kashi talatin cikin ɗari a 2024, siminti da rodi da kwano suka yi tashin da albashi bai bi su ba, ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000. Gina sabon gida ya fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata. Wannan ya mayar da hankali kan tsofaffin gidajen tsakiyar gari, waɗanda ke kusa da kasuwa da asibiti da makaranta, cikin jama'a, nesa da daji. A nan ne tarihin da ya gabata yake da amfani.

Abu na farko da yake koyarwa shi ne a tambayi inda kuɗin ɗan haya ke fitowa kafin a tambayi kuɗin bulo. Gidan da ya haɗa ma'aikacin asibitin tarayya da ɗan kasuwa da malamin makarantar kuɗi ya fi jure girgiza a kan wanda duk mazaunansa ke jiran albashi ɗaya ko zangon karatu ɗaya.

Na biyu, a fara da takarda da magada. Kuɗin da aka zuba a gidan da ba a raba gadonsa ba, ko wanda ba a yi masa rajista a ofishin filaye na jiha ba, an gina shi ne a kan gardama. In magada sun zaɓi ci gaba da tarayya, a rubuta yarjejeniya, a naɗa wakili ɗaya, a ware kason gyara daga haya kafin a raba saura.

Na uku, a gyara abin da kowa ke amfani da shi kafin abin da ido ke gani. Masu gidaje sukan fara da fenti da tayil domin su ne ke sa dillali ya ɗaga farashi. Abin da ke riƙe ɗan haya kuwa shi ne rufin da ba ya yoyo, ruwa a cikin gida, masai da ke nesa da rijiya, kwatar da ke fitar da ruwan damina, mitar wuta ta kowane sashe domin a daina rigimar kuɗin lantarki, da ƙofar da ke rufuwa da dare. Ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar ruwan Gusau a ƙarshen Satumban 2006, wadda ta ci rayuka da gidaje, ta isa tunatarwa cewa tudun fili da hanyar ruwa suna gaba da kwalliya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, wani lokaci rage ɗaki ne ƙarin kuɗi. A ɗauka gida mai ɗaki goma da banɗaki ɗaya. In ɗaki biyu suna zama babu kowa, ko mazaunansu ba sa biya, kashi ashirin cikin ɗari na hayar ya riga ya tafi. Mayar da waɗannan biyun banɗaki da madafa ba ya rage abin da ke shiga aljihu, yana kuma ɗaga darajar takwas ɗin da suka rage. Wannan shi ne warware kuskuren da aka yi tun zamanin fegi na farko.

Akwai kuma iyaka. Gyaran da zai ninka haya a unguwar da albashi bai ninka ba yana korar mazauna ne kawai, ya bar mai gida da kyakkyawan kango. Wanda zai yi gyara a gidan da mutane ke ciki ya yi shi sashe-sashe, ya ba da wa'adi a rubuce, ya bar ƙarin ya biyo bayan amfanin da ɗan haya ya gani da idonsa.

Wani ɓangare na cunkoson da ake gani yau a Gusau da Tsafe da Bunguɗu masifa ce ta haifar da shi. Ranar da hanyar Funtuwa ta koma ta kowa, manoma suka koma gonakinsu, ɗakunan da aka cusa mutane ciki don dole su ne za su fara zama babu kowa, kamar yadda na 'yan ci-rani suke yi da faɗuwar damina, kamar yadda na masaƙa suka yi da aka rufe ƙofarta. Gidan da zai ci gaba da samun mai bugun ƙofa a ranar shi ne wanda mutum mai zaɓi zai zaɓa: mai ruwa, mai takarda, wanda mazaunansa na yanzu ba sa neman hanyar fita.